Hazon hunturu da ruwan damina a tarihin Zangon Lome

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, mai kwandon satalayit ba ya rabuwa da aiki daga Disamba zuwa Maris. Dusar takan kwanta a fuskar kwandon, hoto ya fara yayyankewa, can kuma ya ɗauke ɗungurungum. Wani ya fito da tsintsiya mai doguwar ƙota ya share, wani ya sa wa kwandon riga mai santsi don dusar ta riƙa zamewa, mai hali kuma ya manna masa na'urar ɗumi ta baya wadda ke narkar da ita tun kafin ta taru. Mazaunin Zangon Lome, unguwar Hausawa a babban birnin Togo, bai taɓa ganin haka a kan rufinsa ba. In aka tambaye shi abin da ya yi kama da wannan wahala a wurinsa, da wuya bai ce hunturu ba, tunda shi ne lokacin sanyinmu, kuma kowa na ganin yadda ƙura ke mayar da farin kwando ja a watan Janairu. Amsar ta yi daidai da abin da ido ke gani. Sai dai tarihin unguwar da yadda kwandon ke aiki duk sun ƙi yarda da ita. Tun zamanin da jaki ke haɗa Bahaushen bakin teku da gida har zuwa yau da tauraron ɗan Adam ke haɗa su, lokacin sanyi da hazo shi ne lokacin da hanya ke buɗe, kuma abin da ke datse ta kullum ruwa ne.

Tushen Zangon Lome yana cikin fataucin Gwanja. Ayarin goro kan taso daga Kano ko Katsina ko Jega bayan an kawar da amfanin gona, ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, daga nan ya bi ta ƙasar Kotokoli ko ta Sansanin Mango, ya sauka Yendi, ya ƙarasa Salga. Wani yanki mai tsawo na wannan hanya yana cikin ƙasar da ake kira Togo a yau. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kamar yawansu. Madugun da ke da alhakin rayuka masu yawa haka ba ya zaɓen lokacin tashi da ka. Da damina kogin Oti da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa sukan cika su batse, fadamu su zama taɓon da jaki ke nutsewa har gwiwa, ciyawa ta rufe turba ta ba 'yan fashi maɓoya, tsando ya yawaita ya kashe dabbobi, kanwar da aka ɗauko ta jiƙe ta narke, fata da turkuɗi su yi fumfuna. Da hunturu kuwa an ƙone daji, mashigai sun janye, ƙasa ta yi tauri, rana ba ta da zafin bazara, ana iya yin doguwar tafiya kafin a yada zango. Ga falke, sanyin asuba ƙaramin haraji ne da yake biya don ya sami hanya.

Kuma ya san yadda ake biyansa, domin ya gaji dabarun tun daga gida. Rawani mai amawali yana rufe hanci da baki. Gwado da luru da sakala suna cikin kayan kowane matafiyi mai hankali. Man kaɗanya yana maganin faso da kaushi da tsagewar leɓe, kuma itacen kaɗanya na nan birjik a kan hanyar tun daga Bargu har Dagomba. Da dare a hura wuta a kewaye ta, da asuba a ɗumama ruwan alwala a sha kunu mai zafi. Abu guda da hunturu ke yi wa barazana ta gaske shi ne hajar kanta. Goro ɗanyen abu ne, in iska ta buge shi sai ya yamushe ya yi tauri, darajarsa ta faɗi. Shi ya sa ake jera shi cikin ganyen fita a ɗaure huhu tam, a kan hanya kuma a riƙa kwancewa ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a mayar a ɗaure. Aiki ne mai cin rai, amma hannu na iya yin sa a kowane zango. Kogin da ya cika kuwa ba shi da wata dabara sai zaman jira, kuma akwai fataken da damina kan riske su a Gwanja su zauna har ta wuce. Daga irin wannan zama ne wasu suka yi aure, suka gina masallaci, masauki ya zama unguwa.

Saukowar Hausawa bakin teku ta zo ne da rugujewar wancan tsari. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salga ya yi rauni, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar. 'Yan kasuwa da malamai da yawa suka koma Kete-Karachi, inda Jamusawa suka kafa bariki, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin garin, ya kuma yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, mai ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci na 1906. A daidai wannan zamani Lome na tasowa. 'Yan kasuwar Anlo ne suka raya ta wajen 1880 don kauce wa harajin kwastan na Ingilishi a Keta da kewaye, Jamus ta kafa ikonta a gaɓar a 1884, ta mayar da Lome babban birni a 1897. Aka gina gadar saukar kayan jiragen ruwa a 1904, jirgin ƙasa ya kai Kpalime a 1907, ya doshi Atakpame bayan 'yan shekaru. Hausawa suka biyo kasuwa, wasu kuma suka shiga aikin 'yan sandan Jamus, aka sami Zango a gefen gari, wanda aka yi ta matsar da shi yayin da birnin ke faɗaɗa. Jirgin ƙasa da na ruwa da mota sun kashe ayarin jakuna, amma ba su sauya kalandar ba. Shanun da ake korowa daga arewa, da albasa, da 'yan cin rani, duk da rani suke sauka. Fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, ya bi samari uku daga Nijar zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma tsarin tafiyarsu shi ne na dubban irinsu: a fita bayan girbi, a koma kafin shuka. Maigidan Zango da ke saukar baƙi, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu wajen ciniki, da hunturu zaurensa ke cika.

Hunturun da ke isowa Lome ma ba irin na gida ba ne. Ƙurar takan taso mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi gari ta yi sama da shi. Kafin ta yi tafiyar da ta fi kilomita 2,000 zuwa gaɓar Togo, mai nauyin ta zube a hanya, sai lallausar ta rage, iskar teku kuma tana ture ta baya da rana. A Kano daren Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, a Lome kuwa da wuya ya yi ƙasa da 20 sosai. Wanda ya taso a Katsina ko Maraɗi ya ga mutanen Lome sun sa rigar sanyi da hular ulu a irin wannan yanayi, dariya zai yi. Turawan da suka zauna a gaɓar ma marhabin suke yi da iskar, saboda tana sauƙaƙa musu gumi da zazzaɓi. A 1781 ƙungiyar masana ta Landan ta buga bayanin wani likita mai suna Matthew Dobson a kanta, bisa abin da wani Bature, Robert Norris, ya lura da shi a Wida da ke gabas da Lome, inda ya ce gyambo kan warke, masu zazzaɓi kan farfaɗo idan ta busa. Ba duk abin da ya faɗa ne likitocin yau za su sa wa hannu ba, amma ya nuna yadda mazauna gaɓa suka ɗauki hunturu tun da daɗewa.

Ruwa kuwa ya bi Zango har gida. Abin mamaki, Lome ba ta cikin garuruwan gaɓa masu yawan ruwan sama. Abin da take samu a shekara bai fi milimita 900 ba, kusan daidai da Kano, ƙasa ƙwarai da Legas. Matsalar ita ce inda ruwan ke sauka da yadda yake sauka. Tsohon birnin yana kan rairayi tsakanin teku da tafki, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ruwan ƙarƙashinta ke kusa, damina kuma biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli mai tsanani a Yuni, ƙarama wajen Oktoba. Ginin tubali da azara da Bahaushe ya gada, wanda ke riƙe ɗumi da dare ya riƙe sanyi da rana, bai dace da rairayi da laima ba, don haka aka koma bulo da katako da kwano. A 1977, zamanin Shugaba Eyadema, hukuma ta rushe Zangon da ke tsakiyar gari ta kwashe mutanensa zuwa wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa, a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. Masanin Faransa Michel Agier, wanda littafinsa kan 'yan kasuwar Zangon ya fito a 1983, ya rubuta yadda masu gida da dillalai suka sake ɗinka harkarsu bayan wannan tashi. Abin da ya shafi zancenmu shi ne sabon wurin yana maƙwabtaka da fadamar kogin Zio. Da aka yi ambaliyar 2008, wadda ta karya gadoji da dama a Togo har da ta Amakpape a kan waccan babbar hanya, zirga-zirga tsakanin tashar jiragen ruwan Lome da arewa ta tsaya, manyan motocin Nijar da Burkina da Mali suka yi cirko-cirko, unguwannin bakin Zio suka sha ruwa. Jikokin fataken da Oti ke tsarewa sai ga su kogi ya sake tsare su, wannan karon a ƙofar gida.

Da labarin gida ya koma zuwa ta iska, ƙa'idar ba ta canza ba. Togo ta san wannan fasaha da wuri, domin a Kamina kusa da Atakpame Jamusawa suka gina babbar tashar da ke magana da Nauen ta kusa da Balin, suka kuma rushe ta da hannunsu a Agustan 1914 kafin su miƙa wuya. Amma abin da ya shiga zaurukan Zango shi ne rediyo mai gajeren zango: BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna. Duk wanda ya saba da irin wannan akwati ya san ƙarar da ke cika shi idan hadari ya haɗu ana walƙiya, ya kuma san yadda murya ke fita tas a daren rani. Kwandon satalayit, wanda ya kawo tashoshin wa'azi da tafsirin azumi da finafinan Kano, da Arewa24 tun 2014, ya gaji wannan hali. Tauraron yana tsaye ne kusan kilomita 36,000 sama da tsakiyar duniya, ƙananan kwandunan da ke kan rufin gidaje kuma suna karɓar saƙo mai tsawon zango kamar santimita biyu da rabi. Ɗigon ruwan sama mai faɗin milimita biyu zuwa biyar ya isa ya tsotse wannan saƙo ya warwatsa shi, shi ya sa hoto kan ɗauke tun hadari na gabas, kafin ɗigo ɗaya ya taɓa kwano. Ƙwayar ƙurar da ke isa gaɓa kuwa akasarinta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, ga ta a bushe, saƙon na ratsa ta kusan kamar ba ta nan. Ana iya kasa hango ƙarshen layi saboda hazo alhali talabijin na nuna hoto garau. Hatta a ƙasashen sanyi, busasshiyar dusa mai kama da gari ba ta cika yin ɓarna ba. Jiƙaƙƙiya mai nauyi, wadda ta fara narkewa ta manne, ita ke kashe sigina. Ashe su ma da ruwa suke faɗa.

Akwai wani bambanci kuma da ya ƙara wa mutumin Lome kaya. A Kanada tauraron yana can ƙasa-ƙasa a sararin kudu, don haka kwando kan tsaya kusan a miƙe, abin da ya faɗo masa ya zame. Lome tana digiri shida ne kacal arewa da tsakiyar duniya, kwanduna da yawa suna ɗaga fuska sama, ruwa da ƙura su sami wurin zama. Ƙurar Janairu ita kaɗai ba ta komai, amma in ruwan farko ya same ta sai ta zama laka, ta riƙe laima a jikin ƙarfe, iskar teku kuma ta kawo gishiri. Daga nan tsatsa ta ci kusoshi da ƙafar kwandon. Guguwar da ke buɗe damina a Maris da Afrilu ta zo ta same shi a sake, ta karkata shi da ɗan abin da ido ba zai gani ba, sigina ta tafi. Sai kuma mahaɗar waya da ke ƙarƙashin kan da ke karɓar saƙon: in ba a naɗe ta da kyau ba, ruwa ya shiga ya bi cikin wayar a hankali, jan ƙarfen ya yi kore, mai gida ya yi ta zargin dikoda yana kai ta wurin gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai ja da wannan magana yana da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Zai ce hunturu na kisa. Sanƙarau yakan ɓarke ne a lokacin rani, idan busasshiyar iska da ƙura suka raunata hanci da maƙogwaro, mutane kuma suka cunkushe a ɗaki saboda sanyi. A 1996 annobar ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, mafi yawa a arewa. Zai ce gobara: babbar kasuwar Lome ta ƙone a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan ta garin Kara, kuma wutar daji ta 1983 ta cinye gonakin koko da na abinci a Gana da maƙwabtanta. Zai tuna da jiragen sama da hazo ke hana sauka, da jirgin alhazan da ya faɗi a Kano ranar 22 ga Janairun 1973 ya hallaka mutum 176. Zai ƙara da masu asma da tsofaffi da jarirai da ke kwana tari. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya raina hunturu a Kano ko Damagaram ko Dapaong bai san shi ba. Amma a duba inda abubuwan suka fi aukuwa. Yankin sanƙarau ya ratsa arewacin Togo ne, bai sauko gaɓa ba, kuma allurar da aka fara yi a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ta karya lagon nau'in da ya fi yin annoba. Gobarar kasuwannin 2013 kuwa an yi ta taƙaddama a kan musabbabinta har gaban shari'a. Iska na iya rura wuta, ba ita ke kunna ta ba. Abin da hunturu ke yi wa mazaunin Zangon Lome na 'yan makonni ne, kuma maganinsa yana hannun kowane gida: man shafawa, abin rufe hanci, bargo, kula da murhu. Ambaliya ba ta da maganin da gida ɗaya zai iya yi shi kaɗai, sai magudana da gada da tsarin filaye, wato sai hukuma.

Wata hujjar kuma sabuwa ce, kuma a nan dole a sallama wani abu. Farantin sola, wanda ke yawaita a kan rufin gidaje da masallatai, da haske yake aiki, ƙura kuwa tana tare haske sau biyu, a sararin sama da kuma a kan gilashin. Wanda ya dogara da sola don kunna talabijin zai ga bambanci a Janairu, kuma shafe farantin da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi, ya zama sabon aikin hunturu wanda kakanni ba su sani ba. Wannan ne ainihin abin da ya yi kama da sharar dusar ƙanƙara a wurinmu. Amma shi ma tsumma da ɗan ruwa ne maganinsa, irin aikin huhun goro, kuma gajimaren Yuni zuwa Agusta a gaɓar Togo yana rage hasken rana na tsawon lokacin da ya fi na hazo. Wasu kuma za su ce zancen kwando ya kusa zama tarihi, tunda matasa a waya suke kallon komai. Wataƙila haka ne. Sai dai eriyar kamfanin waya tana buƙatar lantarki, wayoyin ƙarƙashin ƙasa suna bin gefen titin da ruwa ke ci, motar da ke kawo albasa daga Galmi kuma har gobe gada take hawa.

Saboda haka lissafin da madugai suka yi shi ne ya dace da Zangon yau: hunturu lokacin aiki ne da shiri. A watannin Disamba da Janairu rufi a bushe yake, ba santsi, ba walƙiya, mai gyara zai iya hawa lafiya ya kankare tsatsa, ya shafa fenti, ya ɗaure kusoshi, ya sake naɗe mahaɗar waya, ya lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. A lokacin ne kuma kwatoci ke bushe, ana iya kwashe yashi da leda da suka toshe su. Masu unguwanni da limamai da shugabannin matasan Zango da Togblekope su sa wannan gayya a cikin hunturu, su kuma kai wa magajin gari kukan magudanan ruwa tun a Janairu, domin in Yuni ta kama ba mai sauraron kowa.